Ko Kun Sani? Tashi Daga Toka

Ko kun san cewa masu jin Ingilishi da Faransanci suna da salon magana iri ɗaya kan abin da ya rayu bayan an fid da rai da shi? Sukan ce ya tashi daga cikin tokarsa. Asalin maganar tatsuniyar Girkawa da Rumawa ce, ta wani tsuntsu mai suna Fenis, wanda yakan yi shekara 500 a duniya, sannan ya ƙone ƙurmus, sabo ya fito daga tokar.

Ba a faɗar ta ga wanda ya tsallake rijiya da baya, don shi masifar ba ta ci shi ba. Sai gari ko sana'a ko sarauta ta rushe sarai, kuma ta farfaɗo, sannan maganar ta dace.

Arewa tana da nata misali. A watan Afrilu na 1899, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, a yankin Dogondutsi. Sarauniya Mangu da mutanenta suka yi tsayin daka, kafin su janye cikin daji, aka cinna wa garin wuta. Mutanen Lugu suka dawo suka sake gini, sarautar ta ci gaba. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya Mangu a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ashe Lugu tana da sauran shan ruwa!