Mene ne “cikakken sani” kan cutar ƙanjamau?

Duk ranar 1 ga Disamba, wadda duniya ta keɓe wa yaƙi da ƙanjamau tun 1988, jami'an lafiya kan yi ta maganar “cikakken sani”. Ma'auni ne da ake gwada tasirin gangamin wayar da kai da shi.

Tambayoyi biyar ake yi wa matashi. Ya san kwaroron roba na rage haɗarin kamuwa? Ya san tsayawa kan abokin zama ɗaya mai amana, marar cutar, kariya ce? Ya yarda mai ƙoshin lafiya a ido zai iya kasancewa ɗauke da ƙwayar cutar? Sauran biyun camfe-camfe ne da ake so ya ƙaryata, galibi cizon sauro da cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya kuskure ɗaya ya faɗi.

A nan gizo ke saƙa. Rediyo da allunan talla sun sa kusan kowa ya ji sunan cutar, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ba su kai rabi ba, cikin matasan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 24, waɗanda suka haye duka biyar. Darasin makaranta kuwa ba ya kaiwa ga yarinyar da ke talla ko almajiri, ga kunya na hana tambaya a gida.