YADDA AKE TSABTACE MADUBIN HANGEN NESA DA ADANA SHI

Darasinmu na wannan fitowa a kan madubin hangen nesa ne, wannan mai ido biyu da ake riƙewa a hannu. Wani alhaji ne ya yo tsarabarsa daga Makka, wani kuma a gwanjo ya saye shi a Sabon Gari. A nan ƙasar Bunkure ana duban jinjirin wata da shi ranar 29 ga Sha'aban da 29 ga Ramadan, manomi kuma yakan hango jan-baki da shi tun kafin su sauka a gonar shinkafa. To, ya kai mai karatu, ka riƙe magana ɗaya tun daga nan: ƙura ita kaɗai ba ta cika ɓata gilashi ba, sai hannu ya taimake ta.

Me ke kan gilashin?

Ɗauki madubin ka karkata shi wajen haske. Za ka ga gilashin yana ɗaukar ido da wani launi, shuɗi ko kore ko algashi. Wannan ba ado ba ne, wani shafi ne da aka yi masa a masana'anta. Dalili kuwa, gilashin da ba shi da shafi yana mayar da kamar kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa a kan kowace fuskarsa. Cikin madubin akwai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye, ka ga ke nan wajen sulusin haske ya salwanta kafin ya iso idonka. A shekarar 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula, a kamfanin Zeiss na ƙasar Jamus, ya fito da hanyar yin wannan shafi. Kaurinsa kuwa, in ka raba milimita ɗaya gida 10,000, bai wuce kamar kashi ɗaya ba. Abin da ya kai haka siranta, in ya kankare, ba mai gyaran da zai mayar maka da shi a kasuwa.

Abokin gaba na farko: ƙurar hunturu

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska tana kwaso mana ƙura daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A ido kamar gari take, alhali cikinta akwai ƙwayoyin yashi. Masana suna da ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. A wannan ma'auni yashi yana kan 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6. Ma'ana, yashi ya fi gilashi tauri. Saboda haka in ka sa bakin riga ka murza gilashi mai ƙura, daidai yake da ka goga shi da sanfefa. Ba za ka ga illar a ranar ba. Sannu a hankali ƙananan zane za su taru, har ya zama duk inda ka duba sai ka ga kamar hazo.

Yadda za ka tsabtace shi

Na farko, wanke hannunka, ka bari ya bushe. Hannun da ya taɓa ƙosai ko turare ko man shafawa ba shi da hurumi a nan.

Na biyu, kifa madubin, gilashin yana kallon ƙasa, ka hure ƙurar da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo. Kada ka hura da baki, domin yawu zai biyo.

Na uku, abin da ya ƙi fita ka share shi da burushi mai laushi wanda ba a aikin komai da shi sai wannan. Shafa kawai za ka yi, ban da dannawa.

Na huɗu, sake dubawa a haske. In ya yi fes, to ka tsaya nan. Yawan guga ba tsabta ba ne.

Na biyar, in akwai shatin yatsa ko maiƙo, sai a zo ga ƙyalle. Nemi irin mai laushin nan da ke zuwa cikin gidan tabarau. Ɗiga ruwan goge tabarau ɗigo ɗaya ko biyu a kan ƙyallen, ba a kan gilashin ba, don kada ya zurara ciki. In babu ruwan, yi wa gilashin huci kaɗan har ya yi raɓa. Fara daga tsakiya, kana zagayawa a hankali zuwa gefe. Ƙananan gilasan da ake kafa ido a kansu sun fi saurin ɓaci, saboda gumi da kwalli da maiƙon gashin ido.

Kada ka kusance shi da kananzir, ko fetur, ko garin sabulu. Haka nan rawani, da hirami, da shadda mai sitaci, da takarda, duk ba abin guga ba ne. Ƙyallen ma a riƙa wanke shi, a adana shi cikin leda mai tsabta.

Abokin gaba na biyu: laima

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja ruwa ta kanal zuwa gonakin Bunkure da Kadawa da Kura, yankinmu ba ya rabo da ruwa rani da damina. Alheri ne babba, amma madubi ba ya son laima. In aka kulle shi da danshi cikin jaka a ɗaki mai duhu, musamman a watan Agusta, sai fumfuna ta tsiro a cikin gilashin kamar saƙar gizo-gizo. In ta daɗe har cin shafin take yi. Maganinta, duk ranar da ruwa ya taɓa shi, goge jikinsa, cire murafen, ka bar shi ya sha iska a inuwa kafin ka mayar da shi gidansa. 'Yan ƙunshin nan masu tsaba a ciki da ake samu a kwalin sabon takalmi, suna shan danshi, sai ka jefa biyu ko uku cikin jakar. Amma a nisanta su daga ƙananan yara, ba abin ci ba ne.

Faɗuwa da zafi

Cikin kowane ɓangare akwai wasu gilasai masu kusurwa waɗanda ke miƙe hoton, don kada ka ga abu a kife. Faɗuwa ɗaya tana iya gusar da su daga mazauninsu, sai ka riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, ga ciwon kai. Saboda haka rataya igiyar a wuya kafin ka ɗaga shi. Kada a bar shi cikin mota a rana, kuma kada ka kwance shi da kanka don ka ga abin da ke ciki.

Ranar duban wata

Jinjirin wata siriri ne, yana fitowa ne a inda sauran hasken rana bai gama ɓacewa ba, kuma ba ya daɗewa yake faɗuwa. Gilashin da ya sha guga yana watsa wannan haske, sai watan ya ɓace maka alhali yana nan. Wani lokaci kuma ɗan zare ko datti a gilashin ido zai yi maka kama da wani abu a sama. Gwajinsa mai sauƙi ne: motsa madubin kaɗan. In abin ya biyo ka, to a gilashi yake. Shaidar ganin wata amana ce, domin daga hakimi sai ta kai ga sarki, har ta isa fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, jama'a su ɗauki azumi ko su sha ruwa a kanta. Don haka a tsabtace madubi tun da hantsi, ba sai magariba ta kawo jiki ba.

Gargaɗi na ƙarshe, wanda ya fi duka muhimmanci: kada wanda ya kalli rana da wannan madubi, ko da ta yi ja tana shirin faɗuwa. Yana tara haskenta wuri ɗaya ya ƙona cikin ido nan take, kuma sau da yawa ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ku iyaye, kada ku miƙa wa yaro shi sai rana ta faɗi ƙurmus.

Allah Ya kiyaye mana ganinmu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.