Agana a gidajen Akurba a zamanin En'e

A zamanin Turawa, lokacin da ƙasar Lafiya ke ƙarƙashin lardin Binuwai ana gudanar da mulki daga Makurɗi, rani kan zo wa garuruwanta irin Akurba da baƙon da ba a so, wato agana. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon baya. Bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso a fuska da hannuwa har tafin ƙafa. Mai tsananinta kan kashe kusan mutum 3 cikin 10, wanda ya tashi kuwa ya tashi da zanzana, wani ma ya makance.

Idan ta shiga gida ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. Numfashi ne ke kai ta, da zane da tabarmar majinyaci, kuma takan yi kusan kwana 12 a jiki kafin ta bayyana. Uwa na murnar babban ya fara warkewa, sai ga ƙaninsa ya kwanta. Jinya kan faɗa wa wadda ta taɓa yi ta tsira, galibi kaka ko gwaggo, domin agana ba ta maimaita mutum. A ganina waɗannan mata su suka riƙe gidaje da yawa, amma rahoton ofis bai san da su ba.

Ana yawan zargin iyayenmu da jahilci don sun riƙa ɓoye marasa lafiya daga dubagari, suna gudun masu lamba. Zargin bai cika adalci ba. Wanda aka gano akan keɓe shi a bukka bayan gari, kuma wace uwa ce za ta miƙa ɗanta can da hannunta? Ruwan lambar ma zafi kan kashe ƙarfinsa a hanya, a tsaga wa yaro damtse, lamba ba ta kama ba, baɗi ya kamu.

Sai da aka samu busasshen maganin da ke jure zafi aka ga haske. A 1967 aka fara gangamin rigakafi a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da bindigar allura. Najeriya ta ga mai agana na ƙarshe a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da ƙarewar cutar a 1980.