Ƙofofin Sodiyam da Yaɗuwar Sankarar Mama

Abin da ya fi kashe mai sankarar mama shi ne yaɗuwar cutar daga nono zuwa huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa, shi ya sa masana suka duƙufa wajen gano abin da ke ba ƙwayoyinta ƙarfin barin mazauninsu. Binciken ya kai su ga ƙofofin sodiyam, wato wasu ƙananan mashigai a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, waɗanda ke buɗewa idan ƙarfin lantarkin tantanin ya sauya, su bar sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ya kwarara ciki. Da su jijiyoyi ke isar da saƙo, da su kuma zuciya ke bugawa.

Ƙofofin iri tara ne, kuma wadda ake kira Nav1.5 gidanta zuciya ne. A 2005 ayarin Farfesa Mustafa Djamgoz na Kwalejin Imperial da ke Landan ya bayyana cewa ƙwayoyin sankarar mama masu saurin yaɗuwa suna ɗauke da wannan ƙofa da yawa, kuma a siffar da aka saba gani a jikin ɗan tayi da jariri, alhali ƙwayoyin da ba su cika yaɗuwa ba kusan babu ita a jikinsu. Masu bincike a birnin Tours na Faransa sun nuna cewa aikin ƙofar yana zaburar da wani famfo mai suna NHE1, wanda ke sa muhallin da ke kewaye da ƙwayar ya yi tsami, tsamin kuma ya tayar da sinadaran katafsin masu narkar da naman da ke riƙe ƙwayoyi wuri guda, ta haka cutar ke huda wa kanta hanya.

Magungunan toshe waɗannan ƙofofi sun daɗe a hannun likitoci. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, da ranolazin, maganin ciwon ƙirji na masu cutar zuciya, sun rage yaɗuwar sankarar a jikin ɓeraye, sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma shansu ba da umarnin likita ba na iya rikita bugun zuciya. Hujja mafi nauyi a kan mutane ta fito ne daga asibitin Tata Memorial na Mumbai a Indiya, inda a 2023 aka wallafa gwajin da ya ƙunshi mata 1,583: an yi wa wasunsu allurar lidokain, maganin kashe zafi da shi ma ke toshe ƙofofin, a kewayen ƙullutun sankarar 'yan mintoci kafin tiyata, kuma bayan shekara biyar kashi 90.1 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar suna raye, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 86.4. Gwajin bai tabbatar da cewa toshe ƙofofin ne kaɗai ya kawo bambancin ba, amma lidokain magani ne mai araha da ake samu a ɗakunan tiyata na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.