Ka ga maciji ya wuce ba ka san irinsa ba? Ga yadda ake gane shi a nan Kurmi

Da zarar damina ta kankama a Kudu, labarin maciji ba ya ƙarewa a wuraren da mutanenmu suke. Daga Kara ta hanyar Legas zuwa Badun, har Akinyele da Lokpanta ta jihar Abiya, kullum sai ka ji an ce an ga wani ya shige cikin buhunan dusa, ko ya ratsa tsakanin shanu da asuba. Sai gardama ta kaure. Wannan ya ce kububuwa ce, wancan ya ce kumurci ne, alhali macijin ya daɗe da tafiya, abin da ya rage sai abin da ido ya riƙe.

Matsalar ita ce yawancinmu da sunayen macizan gida muke auna na nan. To amma Kurmi ba Arewa ba ce. Akwai macizai a dajin Ondo, Edo da Kuros Riba waɗanda wanda ya tashi a Katsina ko Azare bai taɓa gani ba. Kama da wane kuwa ba ta wane. Kuskure a nan kan sa a raina sara mai kisa, ko a kashe macijin da kashe shi zai jawo rigima da masu gari.

Abin da ido kan ƙara, da abin da yakan riƙe daidai

Tsoro yana ƙara wa maciji tsawo. Wanda bai wuce kamu biyu ba, kafin labari ya kai bakin kasuwa ya zama gaba uku. Launi ma haka: da magariba ko a hasken tocila, ruwan ƙasa da toka-toka duk baƙi suke komawa. Shi ya sa “baƙi ne dogo” ba ta isa shaida ba.

Ga tambayoyin da za ka yi wa kanka tun abin bai dushe ba, kuma kafin mutane su cika maka kunne da nasu hasashen:

Kaurinsa fa? Kamar yatsa, kamar sandar kiwo, ko kamar damtse? Kauri ya fi tsawo zama a ƙwaƙwalwa.

Me ya yi da ya gan ka? Ya tsere, ya kwanta shiru, ya miƙe ya fasa kai, ko ya dunƙule?

A ina, kuma da wane lokaci? Kan bishiya, bakin rafi, cikin busasshen ganye, ko ɗakin ajiya?

Akwai zane a bayansa, ko launi ɗaya ne sumul? Jikin yana sheƙi ko kaushi gare shi?

Ka ji ƙara? Huci ne, ko wani sauti kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi?

In ka amsa waɗannan biyar, ka rage yawan waɗanda ake zargi.

Macizan da aka fi haɗuwa da su

Gajere mai kaurin gaske, wanda bai motsa ba da ka matso: dangin kasa ne. Kasar da muka sani a gida tana da zane kamar kan kibiya a jere a baya, kuma tana huci da ƙarfi. Ta Kurmi, wadda ake kira kasar Gabon, Yarabawa na ce mata oka, ta fi ta girma. Kanta faffaɗa ne kamar busasshen ganye, jikinta kamar zanen darduma, haƙoranta kan kai santimita 5, babu maciji mai dafi da ya kai ta tsawon haƙori. Tana kwanciya cikin ganyen gonar koko da ta goro ba ka ganinta sai ka taka.

Ƙarama, ba ta cika wuce rabin mita ba, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon fari, tana naɗewa tana goga jikinta yana ba da wannan sauti na suya: kububuwa ke nan. Ita ce ta fi kashe mutane a Najeriya, amma gidanta filin ciyawa ne irin na Gombe, Taraba, Filato da Binuwai. Tana raguwa yayin da kake nutsawa cikin kurmi. A garuruwan Kudu, abin da mutane suka fi kira kububuwa wani gajeren maciji ne mai cin kwaɗi, yana fitowa bayan ruwan sama, da alama kamar harafin V a ƙeyarsa. Saransa na kawo kumburi da zafi, bai kai nata haɗari ba. Sai dai ba kai za ka yanke wannan hukunci ba, aikin asibiti ne.

Wanda ya miƙe ya fasa kai: dangin gamsheƙa da kumurci. Iri biyu ne a nan. Mai tofi baƙi ne da ja-ja a maƙogwaro, yana bin ɓeraye da kaji har cikin gida, kuma yana feso dafi daga nisan mita 2. Na kurmi kuwa baƙi ne mai sheƙi, wuyansa fari-fari da ratsin baƙi, yana son bakin ruwa, ba ya tofi, amma dafinsa na tsayar da numfashi.

Kore a kan bishiya: nan ne aka fi ruɗewa. Siririn nan kamar yatsa, mai manyan idanu, da muke kira ɗanyen ciyawa, yawanci ba ya cutarwa. Amma Kudu tana da mamba kore, mai kai mita 2, dogon kai, jela rawaya da zane kamar raga, sauri kamar walƙiya. Masu aiki a gonar kwakwar manja da masu saran itace su ne suka fi gamuwa da shi. Tunda ɗan mamba ma siriri ne, duk koren maciji a nan ka ba shi hanya.

Mai kauri, mai sheƙi, da manyan tabo ruwan ƙasa da baƙi, wanda ya dunƙule kamar ƙwallo ya ɓoye kansa: ƙaramar mesa ce, ba ta da dafi ko kaɗan. A nan ’yan’uwa mazauna ƙasar Ibo su yi hattara. A yankin Idemili na jihar Anambara ana kiranta eke, ana girmama ta, kashe ta babban laifi ne a al’adarsu, har jana’iza akan sa wanda ya kashe ya yi mata. In ta shigo maka shago, ka kira ɗan gari ya ɗauke ta. Zaman lafiyarmu da masu masauki ya fi fatar mesa daraja.

Sai wani ɗan ƙaramin baƙi mai sheƙi, kai da jela kusan ɗaya, da ke fitowa daga ƙasa bayan ruwa. Ana raina shi, amma haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa, ko ka riƙe shi a wuya sai ya soke ka.

Maganganun da bai kamata a dogara da su ba

Ana cewa mai dafi kansa kusurwa uku ne, ƙwayar idonsa a tsage kamar ta kyanwa. Mesa tana da tsagaggen ido, ba ta da dafi. Mamba da gamsheƙa idonsu a zagaye yake, kuma suna kisa. Haka zancen ƙirga ramin haƙori a wurin sara, ba ya tabbatar da komai.

In sara ne, ba gani kawai ba

A nan a bar gardamar suna. Jikin wanda aka sara shi ke faɗin gaskiya fiye da idon shaidu. Jini daga dasashi, cikin fitsari ko daga tsohon rauni alamar dafin kububuwa ce, kuma yakan ɗauki sa’o’i ko kwana kafin ya bayyana, shi ya sa “ai ya ji sauƙi” take yaudarar mutane. Kumburi mai hawa da bororo na nuna dangin kasa ko mai tofi. Fatar ido na faɗuwa, yawu na dalala, magana na sarƙewa: mamba ne ko gamsheƙar kurmi, kuma kowane minti yana da tsada. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: a zuba jini a busasshiyar kwalba a jira minti 20, in bai daskare ba an san inda aka dosa.

Bayanin da ka riƙe yana da amfani ga likita saboda allurar dafi ba iri ɗaya ba ce. EchiTAb-Plus, wadda aka sani a asibitin saran maciji na Kaltungo, an haɗa ta ne don kububuwa, kasa da gamsheƙa mai tofi. Ba don mamba aka yi ta ba. Don haka “kore ne, daga kan kwakwa ya faɗo” magana ce da za ta iya sauya maganin da za a nema.

Kafin a isa: a kwantar da mutum, a cire zobe, agogo da guru, a sa wa ƙafar ko hannun karan ɗori don kada ya motsa, a ɗauke shi a mota ko a babur da wani a baya yana riƙe da shi. Kada a ɗaure tamau da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya gwada baƙin dutse. In tofi ne a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Kada kowa ya bi macijin cikin ciyawa don a kai shi asibiti. In hoto ya samu daga nesa, to. In an riga an kashe shi, kada a taɓa kan da hannu, domin yankakken kai ma yana sara.

Mahaifina, wanda ya daɗe yana sauke shanu a Kudu, yakan ce ɓera ne ke yi wa maciji jagora. Inda aka tara dusa da harawa ɓera zai zo, mai cin ɓera kuma yana biye. A ɗaga buhuna daga ƙasa, a sassabe ciyawar bayan turke, a riƙe tocila da takalmin roba in za a duba dabbobi da dare, masu kwana a kara kuma su daure su shiga gidan sauro su cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa.

Shugabannin kara da sarakunan Hausawa su ma akwai nasu: su binciko tun yau wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar dafi, a rubuta sunansa a ofishin ƙungiya inda kowa zai gani. Ranar da abin ya faru ba ranar tambaya ba ce. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu.