Zanen Kewayen Na'urar Awo da Yadda Kwamfuta ke Fitar da Shi

A arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, ba a cika barin fili ya huta ba, ruwa ya fi kome daraja da rani. Madatsar Tomas ta wajen Dambatta da ta Watari ta ƙasar Bagwai su ne madogarar manoman rani masu yawa, a Watari kuwa har da matatar ruwan sha. To, a matatun zamani ba da ido ake awon ruwa ba. Na'urori ke yi, kowace kuwa da takardar da ke nuna hanyar wayarta. Ita ake kira zanen kewaye.

Dalilin wannan suna shi ne, na'ura takan auna tsayin ruwa cikin tanki, ta aika da labari ta waya zuwa ɗakin kula, daga can umurni ya komo ga bawul ya buɗe ko ya rufe, sa'an nan na'urar ta sake awo. Labarin nan da ƙarfin lantarki ake aika shi, daga miliamfa 4 zuwa 20, watau 4 tanki ba kome, 20 ya cika. An fara daga 4 ne domin in aka ga sifiri a san waya ta tsinke.

Zanen yana da ƙa'ida tamkar ta nahawu, wadda ƙungiyar ISA, da aka kafa a Amurka cikin 1945, ta tsara. Harafin farko na sunan na'ura yana faɗin abin da ake aunawa, na bayansa aikinta, lamba kuwa ita ce sunan kewayen. Saboda haka LT-101 mai aika labarin tsayin ruwa ce, FT-101 kuwa ta gudun ruwa. Harafi ɗaya ya raba su.

A da, da fensir ake zana kowace takarda. Da AutoCAD ta fito cikin 1982 sai zane ya koma kwamfuta, amma har wa yau ɗaya bayan ɗaya. Daga baya manhajoji irin su SmartPlant Instrumentation suka sake tsarin: akan shigar da sunan kowace na'ura da lambar wayarta da akwatin da ta bi cikin rumbun bayanai guda, manhaja ta fitar da zanen da kanta. In an gyara lamba sau ɗaya, ta gyaru a dukan takardu.

Amma fa manhaja ba ta san abin da ba a gaya mata ba. In ma'aikaci ya sauya waya da dare bai rubuta ba, zanen zai fito tsaf alhali kuwa ƙarya yake faɗi. Wanda ya zo gyara bayansa sai ya kwance wayar da ba ita ba, injin ya tsaya, mutanen gari su wayi gari famfo ba ruwa. Don haka ka'idar aikin ita ce, kowane canji a rubuta shi da jan biro bisa zanen, a mayar da shi cikin rumbun tun ba a manta ba.