Silin Da Kwanon Asbesto A Tsofaffin Gidaje: Abin Da Maigida Zai Sani Kafin Ya Kira Kafinta

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, ta wuce Kachia har Kafanchan, zai ga gine-gine masu yawa waɗanda aka yi su tsakanin shekarun 1960 da na 1980. Akwai gidajen ma'aikata, da ƙananan asibitoci, da azuzuwan da aka gina bayan ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, da kuma gidajen mutanen da suka sami sukuni a zamanin arzikin man fetur. Da yawa daga cikinsu an yi musu silin, wasu har da rufi, da wani abu mai launin toka wanda ake kira asbesto. Yau waɗannan gine-gine sun tsufa, masu su kuwa suna ta ɓamɓare tsohon silin domin su sa na roba ko na filasta. To, a wajen wannan ɓamɓarewa ne hatsarin yake.

Mene Ne Asbesto?

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa. In an farfasa dutsensa sai ya warware ya zama zare siriri ƙwarai, wanda wuta ba ta cinsa, gara ba ta taɓa shi, ba ya kuma ruɓewa. Saboda haka aka riƙa gauraya shi da siminti ana yin allunan silin da kwanon rufi da bututun ruwa. A cikin irin wannan allo, asbesto yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100, sauran kuwa siminti ne. An yi masana'antunsa a Legas da Inugu da Sapele da Kano da Bauchi, kuma a lokacin an ɗauke shi abin ci gaba, gama yana da araha, ga shi yana rage zafin ɗaki. Ba laifin wanda ya saya a wancan zamani ba ne.

Muddin allon yana nan lafiya, bai tsage ba, ba a huda shi ba, zaren yana ɗaure cikin siminti, hatsarinsa kaɗan ne. Amma ran da aka sa masa zarto, ko aka doke shi da guduma, ko aka jefo shi daga sama ya tarwatse, sai zaren ya tashi cikin iska. Ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa atishawa nan take. Mutum yakan shaƙe shi ya shiga can cikin huhu ya kafe, jiki kuwa ba shi da ikon narkar da shi.

Cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru 10 zuwa 40, wani lokaci ma fiye. Yana sa huhu ya yi tabo ya ƙandare har numfashi ya gagara. Yana kawo sankarar huhu, da wata sankara ta fatar da ta lulluɓe huhu, wadda kusan ba a samunta sai ga wanda ya shaƙi asbesto. An kuma tabbatar yana kawo sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace. Mai shan taba kuwa, hatsarin sankarar huhu a gare shi ninki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa fiye da mutum 200,000 suke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar asbesto a wurin aiki. Ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi: Ingila ta hana kowane irinsa a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

A Bari Ko A Cire?

Jin wannan bayani kada ya sa maigida ya tashi gobe da safe ya ce a rushe silinsa. Sau da yawa cirewa cikin gaggawa ta fi bari illa. In silin yana nan daram, abin da ya fi shi ne a bar shi, a shafa masa fenti ba tare da an kankare shi ba, a daina buga masa ƙusa, a kuma gaya wa mai gyaran lantarki kada ya huda shi don rataya fanka.

Amma kudancin Kaduna ƙasa ce mai ruwan sama da yawa. Inda rufi ya daɗe yana yoyo, allon yakan jiƙe ya lanƙwashe, ya fara zubar da gari. Wannan kam, da wanda ya farfashe, da wanda gobara ta taɓa, tilas a cire su. A kuma sani cewa a ƙasar nan mutane sukan kira kowane allon silin asbesto, alhali akwai sababbi waɗanda babu asbesto cikinsu. Ido ba ya rarrabewa, sai ɗakin gwaji. In ginin tsoho ne kuma ba a gwada ba, a ɗauka akwai shi.

Ranar Aiki

Mafi kyau a nemi waɗanda aka horar da su a wannan aiki, a kuma nemi shawarar jami'in duba-gari na ƙaramar hukuma kafin a fara. In kafintan gari ne zai yi, hakkin maigida ne ya tsaya a kansa, domin ran kafintan da na yaransa suna wuyansa.

A fitar da iyali duka, musamman yara, a kwashe kayan ɗaki da abinci. Abin da bai kwasu ba a lulluɓe shi da leda mai kauri, a shimfiɗa wata a ƙasa. A kashe wutar lantarki daga mita, a rufe ƙofofin sauran ɗakuna. Kada a zaɓi ranar da iskar hunturu take kaɗawa, domin za ta kai ƙurar gidan maƙwabta.

Sirrin aikin duka shi ne ruwa. A yayyafa wa allon ruwa mai ɗan sabulu har ya jiƙe, a ci gaba da jiƙa shi har a gama. A zare ƙusoshi a hankali, a sauko da allo ɗaya ɗaya, mutum biyu suna riƙe da shi, ba tare da an karya ba. Babu zarto, babu injin yanka, babu injin huda. Mai cire kwanon rufi kada ya taka shi kai tsaye, sai bisa katako, gama tsohon kwanon asbesto yakan fashe ƙarƙashin mutum ba zato.

Takunkumin yadi ko irin na asibiti ba ya tare wannan zare, ɗaure hanci da ƙyalle ma haka. Sai takunkumi mai matata, wanda aka rubuta wa FFP3 ko P3, wanda ya kama fuska sosai. A sa rigar aiki wadda za a yar bayan an gama. Kada a ci, kada a sha, kada a busa taba a wurin. Kuma kada ma'aikaci ya koma gida da tufafin aikin ya ba uwargida ta kakkaɓe ta wanke: a ƙasashen waje an sami matan ma'aikata da yawa da suka kamu ta wannan hanya, alhali ba su taɓa shiga masana'anta ba.

Bayan an gama kada a sa tsintsiya. A goge ƙasa da bango da jiƙaƙƙen tsumma, a haɗa tsumman da ledar da rigar aikin cikin sharar, sa'an nan kowa ya yi wanka.

Ina Za A Kai Shi?

Nan ne mafi yawanmu muke yin kuskure, domin ba mu saba yar da abin da yake da sauran amfani ba. Akan ga an yi akurkin kaji da tsohon allo, ko an dasa shi shinge, ko an farfasa an cike ramin ƙofar gida, inda kowace mota ta wuce sai ta niƙa shi ya zama ƙura. Yara ma sukan tsinci gutsattsarinsa su yi rubutu da shi a ƙasa. Kada a sayar, kada a ba da kyauta, kada a ƙona, kada a zuba a rafi ko a bola.

A naɗe allunan tun suna jiƙe cikin leda mai kauri, ninki biyu, a ɗaure, a rubuta a jiki cewa asbesto ne. Sa'an nan a tuntuɓi Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Kaduna, wato KEPA, ko hukumar tarayya ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, domin su faɗi inda za a binne shi.

Duk kafinta ko magini ko mai gyaran famfo da ya yi shekaru yana yanka waɗannan alluna, in ya ga numfashinsa yana gajarta, ko tari ya ƙi warkewa, ko ƙirji yana ciwo, ya tafi asibiti. Ya kuma gaya wa likita irin aikin da ya yi da shekarun da ya yi yana yinsa, domin kada a ɗauka tarin tibi ne kawai.